Yadda Ake Kai Dokumentari Bikin Fina-finai na Duniya: Daga Ɗakin Tacewa Zuwa Zauren Haskawa

Ranar da ka gama tace fim ɗinka, hannunka zai riƙa ƙaiƙayi. Ka yi shekara biyu ko uku kana bin tsofaffin 'yan gwagwarmaya da kyamara, ka sha zaman jiran wani dattijo ya yarda ya buɗe baki a kan abin da ya gani da idonsa. Yanzu aiki ya kammala, zuciya tana raya maka ka ɗora shi a YouTube kowa ya gani. Danne ta tukuna. Idan burinka fim ɗin ya shiga ɗaya daga cikin bukukuwan dokumentari na duniya, waɗanda ke baje kolin fina-finan zahiri a kan siyasa da tarihi da matsalolin al'umma, wannan ɗorawar za ta rufe maka ƙofofi da dama tun ba ka ƙwanƙwasa ba.

Yawancin kurakuran wannan tafiya suna gyaruwa. Ka cike fom ba daidai ba, ka sake. Wa'adi ya wuce ka, akwai baɗi. Abu biyu ne kawai idan suka kuɓuce ba sa dawowa: haskawar farko ta fim ɗinka, da lafiyar mutanen da suka yarda suka yi magana a gaban kyamararka. Saboda haka da na biyun zan fara, ko da yake mutane sun fi ɗokin jin sunayen bukukuwa.

Mataki na farko: mutanen da ke cikin fim ɗin

Kai za ka hau jirgi, a tafa maka a zaure, ka dawo da hotuna. Matar da ta faɗi sunan jami'in da ya kama ɗanta tana nan a gidan da ka same ta, kuma jami'in ya san hanyar gidan. Fim ɗin siyasa da na take haƙƙi ya bambanta da sauran ta nan. Kafin ka tura wa kowa, zauna da fim ɗin da takarda da biro, ka rubuta sunan duk wanda fuskarsa ko muryarsa ta fito, ka tambayi kanka me zai same shi idan wanda ya fi ƙin jinin fim ɗin nan ya kalle shi. Ka ɗauka zai kalla. Bukukuwa suna sanya tirela a intanet, 'yan jarida suna rubutu, ofisoshin jakadanci ma suna tura mutanensu kallo.

Kowane mai magana yana buƙatar takardar amincewa da ya sa wa hannu. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da harshensa a gaban kyamara, ya faɗi amincewarsa da bakinsa, a adana wannan ɗaukar. Yaro kuwa sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Amma sa hannu kaɗai ba ya sauke nauyi. Mutumin da ya ce "na yarda" shekara uku da suka wuce, a lokacin da gwamnatin da yake suka ta sauka, wataƙila yau mutanenta sun dawo kan mulki. Koma wurinsa, nuna masa ɓangarensa, faɗa masa ƙasashen da kake nufin kai fim ɗin, ka kuma gaya masa gaskiya cewa da zarar ya fita, kai ma ba ka da ikon janye shi daga wayoyin mutane.

Idan ɓoye shi za ka yi, ɓoye shi da gaske. Dusashe fuska shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi yaudara. Na taɓa zama a ɗakin tacewa ana duba wata hira da aka dusashe fuskar mai maganar tsaf, sai wani da ya san yankin ya leƙo, bai yi daƙiƙa goma ba ya ce, "Ai wane ne." Tabon da ke bayan hannunsa ya gani, da yadda yake jan wasu kalmomi. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Duba zobe, agogo, allon da ke bango, ginin da ake hangowa ta taga, lambar mota. Muryar da aka ƙara wa kauri da na'ura kawai, mai gwaninta yana iya mayar da ita kusa da yadda take. Ya fi aminci wani daban ya karanta kalaman, ka kuma sanar da masu kallo an yi hakan. Ɗanyen hotunan da ba a dusashe ba, a kulle su da manhajar ɓoye bayanai irin VeraCrypt, kada su zauna a buɗe a kwamfutar da kake ketare iyaka da ita.

Mataki na biyu: abin da ba naka ba

Fim ɗin tarihi da tsofaffin hotuna yake rayuwa, kuma kowane tsohon hoto yana da mai shi. Ganin bidiyo a intanet ba izini ba ne. Rumbunan adana tsofaffin hotuna irin su British Pathé, INA ta Faransa, AP da Reuters suna sayar da lasisi, galibi gwargwadon daƙiƙoƙin da ka ɗauka, da ƙasashen da za a haska, da yawan shekaru. Abin da sababbin shiga ba su cika sani ba shi ne ana iya neman lasisin bukukuwa kaɗai, wanda ya fi na talabijin da sinima sauƙi nesa ba kusa ba. Fara da shi, amma tun a lokacin ka sa su rubuta maka nawa za ka cika idan an sayi fim ɗin daga baya. In ba haka ba, ranar da suka ji gidan talabijin na zawarcinka, farashi zai tashi.

Waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara ta, da na wanda ya mallaki ɗaukar da ka yi amfani da ita. Sau da yawa mutane biyu ne daban, kuma dukansu sai ka nema. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, ta sa mafi ƙarancin kariya ya zama shekara 50 bayan rasuwar mai aikin. A Tarayyar Turai shekara 70 ne. Dokar Amurka tana da sassaucin yin amfani da ɗan yanki na aikin wani don sharhi ko suka, amma kada ka jingina da ita kana shirin zuwa Jamus ko Faransa, dokokinsu daban ne. Rediyon da ke kunne a bayan mai magana ma yana iya zama matsala. Buɗe jadawali guda: daƙiƙar da abu ya fara a fim, daƙiƙar da ya ƙare, mai shi, matsayin izini. Duk mai sayen fim na gaske zai nemi wannan takarda, wasu gidajen talabijin kuma, musamman a Amurka da Kanada, sai ka haɗa da inshorar da ke kare su daga ƙarar ɓata suna ko satar fasaha.

Ɓata suna da na ambata: duk zargin da fim ɗinka ya yi wa wani mai rai, ka tabbata kana da hujjarsa a ajiye, kuma ka ba shi damar mayar da martani, ko da ƙin amsawa zai yi. Idan da hali, lauya ya kalli fim ɗin sau ɗaya.

Mataki na uku: sanin wa kake nema

Bukukuwan nan kowanne da halinsa, kuma halin yana da tarihi. DOK Leipzig na Jamus ya fara a 1955, a zamanin Jamus ta Gabas, yana cikin mafi daɗewa a duniya. Kyautarsa kurciya ce ta zinariya, ana yin sa wajen ƙarshen Oktoba, kuma yana haɗa dokumentari da zanen motsi. IDFA na Amsterdam, wanda aka kafa a 1988, shi ake ɗauka mafi girma a wannan fanni, a watan Nuwamba. Hot Docs na Toronto ya fara a 1993, yana zuwa tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, shi ne babbar ƙofar kasuwar Arewacin Amurka. Sheffield DocFest a Ingila, tun 1994, a watan Yuni. CPH:DOX na Danmak, tun 2003, yanzu a Maris, yana son fim mai sabon salo. Visions du Réel a garin Nyon na Suwizalan, mai asali tun 1969, a Afrilu, da Ji.hlava na Jamhuriyar Cak, tun 1997, a Oktoba, dukansu sun fi karkata ga fim ɗin da aka san darakta ya sa tunaninsa a yadda ya ɗauka, ba rahoton labarai mai tsawo ba. Yamagata na Japan, tun 1989, shekara bibbiyu ake yin sa.

Akwai kuma waɗanda jigo ne ya haife su, kuma su ne gidan fim ɗin siyasa na asali. One World na birnin Prague, wanda ƙungiyar People in Need ta fara a 1999, a kan haƙƙin ɗan'adam yake. FIFDH na Geneva, tun 2003, ana yin sa a Maris daidai lokacin babban zaman Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba da haɗari ba: ana so jami'an diflomasiyya da 'yan ƙungiyoyi da suka cika garin su shigo zaure. Movies that Matter na birnin Hague ya tsiro ne daga bikin fina-finai na Amnesty International. Bikin fina-finan tarihi na Pessac, kusa da Bordeaux a Faransa, tun 1990, kowace shekara jigo guda yake ɗauka, masana tarihi su zauna muhawara a kansa. A nahiyar Afirka akwai Encounters na Afirka ta Kudu tun 1999, da FESPACO na Wagadugu tun 1969, wanda ke da ɓangaren dokumentari.

Aikinka a nan shi ne ka buɗe shafin kowane biki ka duba abin da suka zaɓa a shekaru uku na baya. Karanta taƙaitattun bayanai, kalli tirela goma ko ashirin. Idan fim ɗinka hira ce bayan hira da tsofaffin hotuna a tsakani, mai ƙarfi ta fuskar hujja, to zauren da ake muhawara bayan kallo zai fi karɓarsa fiye da bikin da ke neman sabon salon ɗauka. Wannan ba raini ba ne ga fim ɗin. A ra'ayina ma, daraktoci da yawa suna ɓata shekara guda suna bin manyan sunaye uku, alhali fim ɗinsu a bikin haƙƙin ɗan'adam ne zai haɗu da lauyoyi da 'yan majalisar da za su iya yin wani abu da shi.

Wanda bai gama fim ba tukuna, ya sani cewa yawancin manyan bukukuwan nan suna da kasuwa da asusu. IDFA Bertha Fund, wanda ya fara a 1998 da sunan Jan Vrijman Fund, yana tallafa wa daraktoci daga Afirka, Asiya, Latin Amurka da wasu yankuna. IDFA da Hot Docs suna da dandalin da ake gabatar da aikin da ke hanya a gaban masu kuɗi, Sheffield tana da MeetMarket, Durban FilmMart kuma na ayyukan Afirka ne. Fim ɗin da masu zaɓen fina-finan biki suka san da zamansa tun yana ciki, ba baƙo ba ne ranar da ya iso.

Mataki na huɗu: haskawar farko, kibiya guda

Ga inda aka fi yin asara. Bukukuwa suna rarraba haskawar farko hawa-hawa. Ta duniya: ba a taɓa nuna fim ɗin ga jama'a a ko'ina ba. Ta ƙasa da ƙasa: an nuna shi a ƙasar da aka shirya shi kaɗai, wannan ne karon farko a waje. Sannan ta nahiya, sannan ta ƙasa. Manyan gasanni suna sharɗanta ɗaya daga cikin na saman, kuma kowace sau ɗaya ake kashe ta.

Wani abokin aikina ya ba wani ƙaramin bikin intanet fim ɗinsa, don kawai ya sami tambarin ganyen nan da ake liƙawa a fosta. Suka sa shi a buɗe na kwana uku, kowa a duniya na iya kallo. Bayan wata biyu wani babban biki ya aiko masa da wasiƙa mai daɗi, tambayarsu guda: an taɓa nuna shi? Ya faɗi gaskiya, aka yi masa fatan alheri. Mutanen da suka kalla a wancan ƙaramin bikin ba su cika aji guda ba.

Don haka ka zana kalandar shekara, ka jera bukukuwa daga wanda ka fi so zuwa ƙasa. Ka lura wa'adin shiga yana rufewa watanni kafin bikin, sau da yawa wata huɗu zuwa shida. Bikin Nuwamba tun lokacin zafi na Turai bai ƙare ba yake rufe ƙofa. Tura wa na saman da farko. Idan na ƙasa ya riga ba ka amsar karɓa alhali kana jiran na sama, kada ka yi shiru kuma kada ka yi ƙarya. Rubuta wa na saman gajeriyar wasiƙa cewa ka sami gayyata daga wani wuri, dole ka amsa nan da rana kaza, ko za su iya sanar da kai matsayinka? Wannan abu ne da aka saba, ba rashin kunya ba ne, wani lokacin ma yana sa su ɗauko fim ɗin su kalla da wuri. Amma ka sa wa kanka iyaka. Fim ɗin da ya shafi zaɓen bana ba zai jira shekara biyu a aljihun tebur ba, kuma bukukuwa da yawa ba sa karɓar wanda aka gama fiye da shekara ɗaya ko biyu da suka wuce.

Nuna wa mutanen da ke cikin fim ɗin a ɗaki, ba tikiti, ba talla, ba 'yan jarida, galibi ba ya cin haskawar farko. Ka yi shi, haƙƙinsu ne.

Mataki na biyar: kayan da za ka tura

Mai zaɓen fina-finai mutum ne da ke gaban kwamfuta, ya kalli biyar yau, naka na shida. Minti goman farko su ne ke yanke maka hukunci. Idan ka buɗe da dogon rubutu mai bayanin tarihin ƙasa tun daga zuwan Turawa, ka gajiyar da shi kafin ya ga fuskar mutum ɗaya. Fara da mutum, tarihin ya biyo baya.

Ana tura fim ta adireshin Vimeo ko makamancinsa mai kalmar sirri. Kada ka canza kalmar, kada ka goge, har sai an fitar da sakamako. Fim da yawa ya faɗi ne saboda mai zaɓe ya danna ya tarar a kulle. Wasu bukukuwa suna karɓar wanda ba a ƙarasa gyaran launi da sauti ba, muddin ka rubuta a fili abin da ya rage. Amma kallo ɗaya za a yi maka. In tsarin labarin ne bai zauna ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sabtaitil na Turanci, wato rubutun fassara a ƙasan allo, wajibi ne kusan ko'ina, kuma a nan ake raina aikin da ya kamata a girmama. Layi biyu a allo, kada ya wuce, kowane layi kimanin haruffa 42, ya tsaya har mai karatu ya gama. Kada ka miƙa wa na'urar fassara ka tafi barci. Dattijon da ya yi magana da karin magana, idan aka fassara shi kalma da kalma sai ya koma kamar wanda ya ruɗe, alhali shi ne mafi hikima a fim ɗin. Nemo wanda ya ƙware a harsunan biyu ya fassara, sannan wanda bai san komai game da ƙasar ba ya kalla, ya tsayar da kai duk inda ya ɓace. Ajiye fayil ɗin sabtaitil (SRT) daban mai lokutan kowace magana, domin bikin Prague ko Geneva zai so ɗora nasa harshen.

Sai rubuce-rubuce: jimla guda da ke faɗin fim ɗin, taƙaitawa gajeriya, taƙaitawa doguwa, bayanin darakta, tarihinka. A jimla gudan nan, faɗi wane ne, me yake so, me ya tare shi. "Fim ne a kan rashin adalci" bai gaya wa kowa komai ba, kowane fim a bikin haka yake. Bayanin darakta kuma ya amsa tambayar da alƙalai ke yawan yi a yanzu: mece ce alaƙarka da waɗannan mutane, me ya sa kai ne mai ba da labarinsu? Hotuna uku zuwa biyar masu kyau daga cikin fim ɗin kansa, a kwance, ba rubutu a kai. Kuma ka sake duba su da idon mataki na farko: kada fuskar da ka ɓoye a fim ta fito a fosta.

Tsawo ma yana da ƙa'ida. Hukumar Oscar tana kiran fim gajere idan bai wuce minti 40 ba har da sunayen ƙarshe, bukukuwa da dama suna bin wannan, wasu kuma suna da rukunin matsakaici. Duba na kowanne kafin ka zaɓi rukuni.

Mataki na shida: fom da kuɗin shiga

Ƙanana da matsakaitan bukukuwa da yawa suna karɓa ta shafukan intanet na FilmFreeway ko Festhome; manyan galibi ta shafinsu. Kuɗin shiga yana ƙaruwa yayin da wa'adi ke matsowa, saboda haka na wuri ya fi arha. Idan ba ka da hali, rubuta ka nemi a yafe maka, a gajarce, da ladabi, tare da adireshin tirela. Wasu bukukuwan suna da rangwame ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tun a ƙa'idarsu.

Ka kiyayi bukukuwan bogi, suna da yawa. Alamominsu ba sa ɓuya: suna ba da kyauta kowane wata, rukunan kyautar sun fi fina-finan yawa, ba hoton zaure cike da mutane, ba sunan mai zaɓe ko ɗaya, kuma su ne ke aiko maka da saƙon yabon fim ɗin da ba su gani ba. Tambarinsu a fostarka ba ya ƙara maka daraja a idon masu sana'ar, rage maka yake yi.

Za a ƙi ka, sau da yawa. Manyan bukukuwa suna karɓar dubbai su zaɓi 'yan ɗaruruwa, wani lokacin dalilin kawai shi ne sun riga sun ɗauki wani fim a kan wannan rikicin. Kada ka mayar da baƙar magana. Mai zaɓen da ya ƙi ka a nan, shi ne mai ba da shawara a wani bikin can.

Mataki na bakwai: an karɓa

Karanta wasiƙar gayyata sau biyu. Wane ɓangare, gasa ko wajen gasa? Sau nawa za a haska? Akwai nunawa ta intanet, kuma an killace ta ga ƙasar kaɗai? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da nauyi ga haskawar farko ta sauran ƙasashe da kuma tsaron mutanenka. Su za su biya jirgi da masauki? Akwai kuɗin haskawa? Tambaya ba roƙo ba ce. Manyan gasanni ba su cika biyan kuɗin haskawa ba, amma bukukuwan da ke biyo baya da yawa suna biya idan an nema. Kada ka sanar a Facebook sai sun ba ka izini, suna da ranar fitar da jerinsu.

Zauren sinima da DCP yake aiki, wato kunshin fayiloli na musamman da injin haskawa ke karantawa. Akwai manhaja kyauta mai suna DCP-o-matic, akwai kuma kamfanonin da ke yi. Ko wa ya yi, gwada shi a sinima na gaske kafin ka aika. Saurin hoto da aka fi amincewa da shi 24 ne a daƙiƙa, idan da 25 ka ɗauka ka tambayi bikin ko injinsu na karɓa. Zauna a tsakiyar zaure ka saurara: sautin da ya yi daidai a kunnenka cikin ɗakin tacewa yana iya zama kiɗa ya danne muryar mai magana a manyan lasifika. Duba sabtaitil ya fito, bai yanke a ƙasa ba. Idan ba dole ba, kada ka kulle DCP ɗin da mabuɗin KDM, domin mabuɗin yana da lokaci kuma na injin guda ne. A canza maka zaure a ranar, fim ya ƙi buɗewa. Riƙe kwafin ProRes, wato fayil ɗin bidiyo mai cikakken inganci, a jakarka ta hannu.

Biza kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta Schengen ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15. A aikace samun ranar ganawa ne ke cin lokaci. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Holan, Jamus, Danmak, Cak, Faransa da Suwizalan duk wannan bizar ce ke shigar da kai, Ingila da Kanada kowacce da tata. Nemi takardar gayyata a rana ta farko, mai ɗauke da sunanka yadda yake a fasfo, da bayanin abin da bikin ya ɗauki nauyi. Idan kana son tafiya da wani daga cikin mutanen fim ɗin, tattauna da shi abin da zai tarar in ya dawo, kuma shi zai yanke shawara.

Mataki na takwas: cikin zaure da bayansa

Bayan an kunna fitila za a miƙo maka makirufo. Gabatarwa kafin fim minti ɗaya ta isa, godiya da gayyatar su tsaya tattaunawa. A fim ɗin siyasa, tambayoyi huɗu ba sa ɓacewa: yaya ka sami amincewarsu, suna lafiya yanzu, sun ga fim ɗin, wa ya ba ka kuɗi? Shirya amsoshinka na gaskiya. Sannan ka yanke tun a masauki abin da ba za ka faɗa ba ko da an matsa: sunan gari, sunan wanda ya haɗa ka da su, ranar ɗauka. Akwai wayoyi suna naɗa a zauren. Wani zai miƙe ya yi jawabi maimakon tambaya, ko ya zarge ka da ɓata sunan ƙasa. Bar shi ya gama, amsa abin da ke amsuwa cikin jimla biyu, ka juya ga mai gabatarwa.

Sauran kwanakin na kasuwa ne. Bikin zai ba ka jerin baƙin masana'antar. Tun kafin ka iso zaɓi goma, aika musu gajerun saƙonni. Wakilin tallan fim yana karɓar kaso daga abin da ya sayar, yana kuma cire kuɗin da ya kashe. Kada ka sa hannu a teburin shan kofi. Karɓi yarjejeniyar, duba shekarunta, ƙasashen da ta ƙunsa, iyakar abin da zai iya cirewa, ka kuma yi ƙoƙarin riƙe haƙƙin nunawa kyauta a makarantu da al'ummar da aka ɗauki fim ɗin. Nemi daraktoci biyu da ya taɓa wakilta ka tambaye su ko rahoton kuɗi na zuwa musu a kan lokaci.

Kafin jirginka ya sauka, kira mutanen da ke cikin fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta layin da kuka amince da shi. Gaya musu yadda zauren ya yi, wace jarida ta rubuta, me ta ambata. Tambaye su ko wani baƙo ya zo neman su, ko an kira su a waya. Maimaita kiran bayan mako biyu, sannan duk lokacin da fim ɗin zai shiga wata sabuwar ƙasa ko zai hau talabijin, su fara ji daga bakinka kafin ranar.